Farashin Da Na Faɗa A Cikin Wadirob Ɗin Mama

Ku matso kusa 'yan uwa, amma don Allah kowa ya riƙe dariyarsa sai na kai ƙarshe. Abin da na aikata a makon nan, ni kaina in na tuna sai na danna fuskata cikin filo.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, Rediyo ake ce min a gida. Baba ne ya laƙaba min tun ina 'yar mitsitsiya, wai in aka kunna ni ba wanda ya san inda ake kashewa. Sai ga shi bakin da ake min tsiya a kansa shi ya zame min sana'a. Murya nake sayarwa. In kun taɓa jin wata a talla tana cewa ku garzayo kafin kaya su ƙare, ko kun kira wani kamfani aka ce ku danna ɗaya, ba mamaki ni ce. Ba ni da ofis, ba ni da oga, ba ni da albashi. Kwamfuta gare ni, da makirfo guda, da wadirob ɗin Mama.

E, wadirob na ce. Ɗakina in na yi magana sai muryar ta daki bango ta dawo min. Wadirob ɗin Mama kuwa maƙil yake da kaya, kuma kaya shanye sauti suke yi. Sai in ture takalmanta gefe, in ajiye 'yar kujera, in ɗaure makirfo a jikin hanga, tsakanin jar doguwar rigarta mai duwatsu da koren leshin nan da take ta alkawarin za ta rame ta saka. In na ja ƙofa, ga zafi ga ƙamshin turare, amma abin da ke fitowa sai ku rantse a babban situdiyo aka ɗauka.

Abokin gabana ɗaya ne, mai waldan da ke bayan katangarmu. Tun safe yake fara ƙara, ba ya saurarawa sai zai ci abincin rana. Don haka duk aikina a cikin cin abincin bawan Allahn nan yake. Na san ranar da yake da ci, na san ranar da bakinsa ba daɗi. Akwai ranar da na ɗaga hannu na roƙa masa ƙarin ci, kuma da zuciya ɗaya na yi.

To murya dai ga ta, amma da zarar an ce min "nawa ne?" sai ta tattara ta bar ni. Dangi kuwa ba ma sa tambaya. "Rediyo, ɗan yi wa shagon yayanki talla mana, ai magana ce kawai." Magana ce kawai! Ba su ganin rubuta tallan da nake yi, da maimaita jimla ɗaya har sai harshena ya gaji, da zaman yanke numfashi da tari, da gumin wadirob. Sai a biya ni da "Allah Ya yi albarka." Ina son albarka, wallahi ina so, amma har yau mai sayar da katin waya bai yarda ya karɓe ta ba.

A haka na tara aiki ya fi ƙarfina, kuɗi kuma shiru. Waya ba ta barin hannuna, ko banɗaki da ita nake shiga. Na fara tashi da ciwon muƙamuƙi saboda cije haƙora a cikin barci. Ran nan ina tsakiyar ɗauka muryar ta shaƙe ƙif. Na je wurin likita a tsorace, ta haska maƙogwarona ta ce lafiyarsa lau, damuwa ce ta shaƙe ni. Na fito na kira ƙawata Mai Hoto, wadda ta riga ni shiga irin wannan wahalar da kyamararta.

"Damuwa kuma? Dole!" in ji ta. "Kina aikin mutum uku kina karɓar godiya. Saurara nan. In kin faɗi kuɗi, ki rufe bakinki, kar ki bi shi da 'amma'. In an ce ya yi yawa, aikin za ki rage, ba kuɗin ba. Kuma in kin tura saƙo, ki jefa wayar a durowa ki fita ki miƙe ƙafa. Zaman gadin waya ne ke kashe ki."

"In mutum ya gudu fa?"

"Allah Ya raka taki gona."

Na bi maganarta, kuma na ga amfani. Barcina ya gyaru, muryar ta dawo, har na faɗa wa wani mai sayar da katifa farashi ban yi in'ina ba. Ina cikin jin kaina kenan sai jarrabawar gaske ta iso.

Sai na gabatar muku da Mai Fenti. Shagon fenti gare shi a bakin babban titi. Na je sayen na ɗakina ne, na tsaya ina karanta sunayen launuka da muryar talla don in ba kaina dariya, ashe yana bayan kanta yana ji. Ya ce in ƙara karanta masa "ruwan zuma" sau ɗaya zai rage min kuɗi. Tun daga ranar ya san hanyar gidanmu. Yakan zo da yamma da ledar lemo da ayaba, ya gaida su Mama, mu zauna a falo. Duk tsaftarsa, duk gugar rigarsa, sai kun samu ɗigon fenti a wani wuri, yau a bayan kunne, gobe a jikin agogo. Mutum ne mai sanyin magana, ni in zuba shi ya saurara. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai taɓa fitowa ya faɗi abin da ke kawo shi ba. Ni ma ban tambaya ba, amma Mama ta riga ta fara duba farashin labule.

Ranar Talata da safe saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, barka da safiya. Zan buɗe shago na biyu. Talla uku nake so da muryarki."

Na tura masa fuskar murmushi har uku, na ce Allah Ya sanya alheri.

"Amin. Nawa za ki yi min? Farashinki na gaskiya nake so."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Kuskuren da na yi shi ne karanta saƙon a falo, inda Mama ke tsinke zaren mayafi, Gwaggo kuma ƙanwar Baba ta zo wuni, ta baje a doguwar kujera da ruwan ƙasar leshinta da ɗaurin nan nata mai kama da rumfa.

"Wa ya mutu?" in ji Gwaggo, da ta ga fuskata.

Na faɗa musu. Gwaggo ta tashi zaune har awarwaronta na ƙara.

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Mutum yana zarya a gidanku ki ce za ki caje shi? So kike ya ce mun tarbiyyantar da mai idon kuɗi?"

"Gwaggo, shi ne fa ya tambaya."

"Gwada ki yake yi! Maza haka suke. Ki ce masa haba, ai an zama ɗaya."

Na kalli Mama ina neman ceto. Ta ci gaba da tsinke zarenta ta ce, "Ni dai kar ki kore min yaron nan mai ladabi. Magana ce kawai, me za ta rage ki da shi?"

Abin ya yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Talla uku aikin mako guda ne cur, kuma zan ajiye na masu biya in yi nasa. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. In na fara da kyauta tun yanzu, haka zan shiga gidansa a matsayin mai wasa da makirfo, ba mai sana'a ba. In kuma na faɗi kuɗi, wa ya sani ko Gwaggo ce ke da gaskiya? Ina son sana'ata, ina kuma son ganin ɗigon fentin nan kullum, sai ga shi ana ce min in zaɓi ɗaya.

Da mai walda ya yi shiru, na kwashi kayana na shige wadirob. Dabara ce ta zo min. Tunda bakina na yau da kullum ba ya iya faɗin kuɗi, bari muryar talla ta faɗa, ita ba ta jin kunyar kowa. In ɗauka, in gyara, in tura masa. Na danna ɗauka kamar yadda na saba, don ni in na shiga ba na tsayar da na'ura sai na fito, daga baya nake yanke abin da ba na so.

Na gyara murya na faɗi farashin talla uku, cikakkensa, irin wanda zan faɗa wa baƙo. Ya fito tas, har ni kaina na burge kaina.

Ƙofar wadirob ta buɗe, haske ya dalle min ido. Gwaggo ce.

"Nawa na ji kin ce? La'ilaha illallahu! Gida zai saya ko talla? Rage kuɗin nan!"

"Gwaggo ina aiki..."

"Aikin korar miji ba. Wallahi in yaron nan ya gudu, ba ruwana, kar ki zo min da kuka."

Ta rufe ni ta tafi. Na sake gyara murya na faɗi rabin kuɗin. Can sai ga ƙwanƙwasar Mama a hankali, ta ce ta jikin ƙofa, "Rediyo, ki ce masa kyauta ne kawai, kin ji? Kuma kar ki goga min gumi a jar rigar nan." Na ce to. Na gwada faɗin "kyauta ne" sau biyu, kalmar ta maƙale min.

Daga nan na jingina kaina da koren leshi na shiga surutu ni kaɗai, kamar yadda na saba in abu ya cunkushe min. Na ce ni fa na gaji da aikin Allah-Ya-yi-albarka. Na ce ina ma laifin mutum ya so ni ya kuma biya ni. Na ce, kuma ga shi nan kalma da kalma don na saurare shi daga baya har na haddace, "In ya gudu saboda wannan wallahi sai na yi kuka, don ina son bawan Allahn nan, har fentin bayan kunnensa so nake. Shi kuma ya zauna yana ta kawo ayaba, ya ƙi buɗe baki."

Da na fitar da abin da ke cikina sai na ji sakayau. Na yi ta maza, na fito, na yanko farashin farko shi kaɗai, tsaf, na ajiye. To ga inda aka samu matsala. Ni wajen sa wa fayil suna ba ni da tsari. Akwai "farashi", akwai "farashi sabo", akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe wallahi". Mai walda ya dawo da ƙararsa, Gwaggo na ƙwala min kira daga falo, ni kuma ina sauri don kar in canza shawara. Na danna ɗaya na tura. Sai na tuna da Mai Hoto, na jefa wayar a durowa, na yafa mayafi na fita miƙe ƙafa ina jin kaina jaruma.

Yawo na yi mai daɗi. Na bi ta layin masu sayar da furanni, na tsaya na kalli yadda ake sauke gilashi daga mota, na sayi ruwa mai sanyi na sha. Ina tafe ina yaba wa kaina, ina cewa ashe haka masu kwanciyar hankali ke ji.

Na dawo na buɗe durowa. Alamar saƙon ta koma shuɗiya, ya saurara. Sai idona ya sauka a kan tsawon saƙon. Abin da bai kamata ya wuce numfashi biyu ba, na gan shi zungurere. Na danna tsakiya, sai ga muryar Gwaggo raɗau: "Aikin korar miji ba!"

Na zauna a ƙasa daɓas. Ɗanyen na tura masa, wanda ba a yanke ba. Da Gwaggo, da Mama, da jar riga, da ayaba, da fentin bayan kunne, duka. Da wayar na hannuna da na goge kafin ya buɗe, amma ina can ina kallon furanni.

A ƙasa ya rubuta layi ɗaya: "Na saurara. Zan shigo gobe da yamma, in sha Allah."

Ko fuskar murmushi babu. Na kira Mai Hoto, ta yi dariya har na ji wani abu ya faɗi a ɗakinta.

"Ke kika ce in jefa waya a durowa!"

"Na ce ki tura saƙo ki jefa, ban ce ki tura masa duk zuri'arku ba. Yanzu dai ya ji komai, sai ki huta. Amma ko me zai faru, kar ki sauka daga farashin farko."

Washegari na canza kaya har gado ya cika. Na saka shuɗiyar riga mai aiki a wuya, na ga kamar na yi kwalliyar neman afuwa, na cire. Na ƙare a doguwar riga ruwan zuma mara ado, da farin mayafi, da 'yan kunne ƙanana. Ban faɗa wa su Mama abin da ya faru ba. Gwaggo kuwa da ta ji zai zo sai ta fasa tafiya gida, wai ƙafarta ke ciwo.

Ya yi sallama, ya gaida Mama, ya ajiye leda. Lemo ne zalla, ba ayaba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Muka zauna, shi a kujerar kusa da taga, ni a can ƙarshen doguwa. A ƙasan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna ina hango silifas ɗin Gwaggo, sun tsaya cak.

"Ranki ya daɗe," ya ce, fuskarsa ba wasa, "na ji farashi uku. Wanne ne na ciniki?"

Babu wadirob, babu makirfo, babu muryar talla. Na ja numfashi, na kalli ɗigon farin fentin da ke gefen babban yatsansa, na faɗa da muryata ta gida.

"Na farkon."

"Amma" ta taso har bakin leɓena, na haɗiye ta. Bayan labule aka yi wani tari mai ƙarfi.

Ya shafa kai ya ce, "Gaskiya ya fi abin da na ware. Sabon shagon ya cinye ni, haya, katako, wuta. Ba za a duba ni ba?"

Ba gwaji ba ne, na gani a idonsa, da gaske kuɗin sun yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, saura kaɗan in ce a bar shi kawai. Silifas ɗin Gwaggo suka matso.

"Za a duba ka," na ce. "Mu yi biyu maimakon uku. Ɗaya na buɗe shago, ɗaya wanda za ka daɗe kana sakawa. Na ukun in shago ya kama ƙasa sai mu yi. Amma kuɗin kowane talla yana nan yadda yake."

"Ko ɗan ragi?"

"Gyara sau biyu kyauta. Na uku da kuɗinsa."

"Kai! Har gyara?"

"Kai in an shafa fenti aka ce a canza launi, kyauta kake ba da wani bokitin?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har yana dukan gwiwa. Ya ce shi kawunsa ma in ya zo shago biya yake yi, don da ya biye wa dangi da tuni ya rufe. Ya ce da na ce kyauta ne da wurin wani zai kai aikin, saboda ba zai iya cewa a gyara abin da aka ba shi kyauta ba. Ya ciro waya ya tura rabin kuɗin nan take. Wayata ta yi ƙara a cinyata, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, ni da sauti ne sana'ata. Daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Na ɗauka an gama. Na fara tattara mayafina zan kawo masa ruwa.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ai har ƙarshe na saurara."

Na koma na zauna.

"Kin ce na zauna ina ta kawo ayaba na ƙi buɗe baki. Gaskiya kika faɗa. Tsoro nake ji, kullum in na zo da maganar sai in koma da ita. Ke kin samu wadirob kin faɗi taki. Ni ba ni da wadirob, don haka a nan zan faɗi tawa." Ya gyara zama. "Ina sonki, Rediyo. Da aure nake sonki. Wannan kuma ban zo neman ragi a kansa ba."

Bayan labule wani abu ya faɗi, ina jin faranti ne, sai muryar Gwaggo ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ba na faɗa muku ba? Ni na san yarinyar nan da wayo!"

Ni kuwa na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na rufe, na sake buɗewa. Ni da nake cika kunnen gari da surutu, ko "to" ta gagare ni.

A daidai nan Baba ya yi sallama ya shigo, jarida a hammata. Ya amsa gaisuwar Mai Fenti da ya zame ƙasa, sannan ya juyo ya kalle ni. Ya jira in fara zuba kamar kullum, ya ji shiru. Ya cire tabarau ya sake dubana da kyau.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara da shekaru ina neman inda ake kashe rediyon nan ban samu ba. Yaro, me ka ce mata?"

Mai Fenti ya ɗago kai, ya saci kallona, ya goge tafin hannunsa a gwiwa.

"Abin da na zo in faɗa maka kenan, Baba, in za ka ba ni dama."

Baba ya ajiye jaridar a kan tebur, ya ja kujera ya zauna.